Ba ƙaramin fili ne ya kayar da Western United ba

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da kai da abokan aikinka, Allah ya ƙara basira. Ni mai karanta jaridarku ne ta intanet daga ƙasar Ostireliya, kuma shafin wasanni nake fara buɗewa. Na san masu karatu sun fi son labarin Ingila da Sifaniya, amma ina roƙon ka ba ni dama in kawo labarin wata ƙungiya da yawancinsu ba su taɓa jin sunanta ba, wato Western United ta yammacin birnin Melbourne. A watan Afrilun 2024 ƙungiyar ta bar filin da ke cin mutum 30,000 a tsakiyar birni, ta koma wani ƙaramin fili mai cin 5,000 a unguwarmu, Tarneit. Bayan wata 16 aka ƙwace lasisinta. Tun daga nan, duk inda aka zauna hirar ƙwallo sai ka ji ana cewa ai komawa bayan gari ne ya gama da ita. Ni ban yarda ba, kuma abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan.

Sai na fara da bayanin wurin, don wanda bai san shi ba zai yi wuya ya gane inda gardamar take. Tarneit tana da nisan kimanin kilomita 25 yamma da tsakiyar Melbourne, a ƙarƙashin ƙaramar hukumar Wyndham. Shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce, babu tudu babu gangare, da can gonaki ne da makiyayar tumaki. Yanzu kuwa ko'ina ka duba awon filaye ake yi. Inda ka wuce bara ka ga ciyawa da shingen waya, bana za ka tarar da layin gidaje, motoci a ƙofa, kekunan yara a yashe a bakin titi. A 2001 mutanen Wyndham gaba ɗaya ba su kai 100,000 ba. A ƙidayar 2021 sun kusa 300,000, Tarneit kaɗai ta haura 56,000, kuma fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na mutanenta a Indiya aka haife su. Akwai 'yan Pakistan da Filifin, akwai 'yan Sudan ta Kudu da Habasha da Somaliya, sai mu 'yan Afirka ta Yamma jefi-jefi. Abu ɗaya ne ya tara mu: gida a cikin birni ya fi ƙarfin aljihunmu, don haka muka karɓi bashin banki muka sayi fuloti a nan. Ni direban babbar mota ne, ina ɗaukar kaya daga manyan sito na Truganina, maƙwabtana kuwa akwai nas-nas, direbobin tasi, masu kula da tsofaffi, da masu aikin kwamfuta da ke bin jirgin asuba zuwa cikin gari. Kusan kowane gida da yara ƙanana.

To, a watan Disamban 2018 hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasar ta ba da sababbin lasisi biyu don faɗaɗa gasar A-League, babbar gasar ƙwallon ƙafa ta ƙasar. Ɗaya ya tafi kudu maso yammacin Sidni, aka kafa Macarthur, ɗayan ya zo mana. Abin da ya sa masu neman lasisin namu suka yi nasara shi ne alkawarin da suka yi cewa za su gina filinsu na kansu, mai cin mutum 15,000, a nan Tarneit. Wannan babbar magana ce a Ostireliya, domin ƙungiyoyin gasar haya suke yi, suna karɓa-karɓa da 'yan wasan zari-ruga da sauran wasanni. Yadda aka tsara samun kuɗin shi ne ƙaramar hukuma ta ba da ƙasa, kamfanin da ya mallaki ƙungiyar ya gina gidaje da shaguna a kewaye, ribar da aka samu a gina filin wasa da ita. Mu da muke murna a lokacin ba mu tsaya kan wannan ba, amma ka ga tun ranar farko rayuwar ƙungiyar a ɗaure take da kasuwar filaye. Idan cinikin filaye bai tafi yadda aka so ba, babu filin wasa.

Ƙungiyar ta fara buga gasa a kakar 2019/20 da riga kore da baƙi. Sun kawo Alessandro Diamanti, wanda masu bin ƙwallon Ingila za su tuna shi a West Ham, da Besart Berisha, gwanin zura ƙwallo a gasar. Amma a ina za a buga? Ko harsashi ba a haƙa ba. Sai aka shiga yawo. Aka fara da Kardinia Park a garin Geelong, katafaren fili mai siffar ƙwai wanda aka gina don irin ƙwallon da 'yan ƙasar suka ƙirƙira, wadda ake bugawa da hannu da ƙafa. A irin wannan fili, ɗan kallo na nesa da layi ƙwarai. Aka je Ballarat, garin da ke da nisan sama da kilomita 100 daga Melbourne. Aka je har Tasmaniya, tsibirin da sai ka hau jirgin sama ko na ruwa kafin ka kai, kuma duk da sunan wasan gida. A ƙarshe aka fi zama a AAMI Park, mai cin mutum 30,000 a tsakiyar birni, filin da Melbourne Victory da Melbourne City suka riga suka mallaka a zukatan jama'a.

Malam Edita, shekara huɗu da rabi aka yi ana wannan yawo, kuma a nan ne aka yi asarar da ba ta gyaru ba. Yaron da ke da shekara 8 ranar da aka ba da lasisi, ya kai 13 kafin ƙungiyar ta buga wasa ko ɗaya a unguwarsu. A cikin waɗannan shekarun ne yaro yake zaɓar ƙungiyar da zai bi har tsufansa, kuma yaranmu sun zaɓa: wasu Victory, wasu City, mafi yawa kuwa Liverpool da Arsenal da Real Madrid a waya.

Ba ƙin zuwa muka yi ba. Daga Tarneit zuwa AAMI Park da yamma, ko dai ka shiga cunkoson gadar West Gate sannan ka biya kuɗin ajiye mota mai tsada, ko ka hau jirgin ƙasa zuwa tashar Southern Cross ka sake hawa wani. Idan wasan dare ne, kafin ka dawo gida da yara masu gyangyaɗi dare ya raba, kai kuma da asuba za ka tayar da mota. Magidanci mai yara uku da bashin gida a wuyansa ba zai iya wannan duk mako biyu ba. Waɗanda suka daure suka je kuwa, sai su tarar da kansu a fili fayau. Mutum 3,000 a filin 30,000 kamar tuwon mutum ɗaya ne a gindin daron biki. Ihu ba ya tashi, waƙa ba ta kamawa, kyamarar talabijin tana ta haska kujeru babu kowa, magoya bayan sauran ƙungiyoyi suna ta ɗaukar hoto suna yaɗawa. Wanda ya ga wannan a talabijin ba zai yi sha'awar zuwa ba. Ga kuma kuɗin haya da na masu gadi, waɗanda girman filin ke yanke su ko da kowa bai zo ba.

Duk da haka 'yan wasan sun yi abin da ya fi ƙarfin tsammani. A kakar 2021/22, ƙarƙashin koci John Aloisi, suka ƙare a mataki na uku. A nan tsarin ya bambanta da na Ingila: shida na saman teburi ne ke sake karawa a wasannin sili-ɗaya-ƙwale don fitar da zakara. Suka fitar da Victory a wasan kusa da na ƙarshe, sannan ranar 28 ga Mayun 2022 suka doke Melbourne City da ci 2 da nema. A minti na biyu ɗan bayan City ya ci gida, Aleksandar Prijović ya ƙara ta biyu kafin hutun rabin lokaci. Ƙungiya 'yar shekara uku ta zama zakarar ƙasa. Amma a filin haya aka ɗaga kofin, filin da abokiyar karawar ke kira gida, kuma a duk faɗin yammacin Melbourne babu inda za ka nuna wa yaro ka ce nan zakarun suke wasa. Da sabuwar kaka ta zo, kujerun suna nan babu kowa kamar jiya. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa matsalar ba ta rashin cin wasa ba ce. Ƙungiyar mata ma, a kakarta ta farko, ta kai wasan ƙarshe a 2023, ita ma a filin aro take wasa.

Abin da ya kawo ƙarshen yawon shi ne filin atisaye da ƙaramar hukumar Wyndham ta gina a wurin da aka ware, wanda aka sa wa suna Ironbark Fields. Ba shi ne filin alkawari ba. An yi shi ne don horo da wasannin matasa, sai aka ƙara masa kujerun wucin gadi ya kai cin 5,000, hukumar gasa ta amince. Mata suka fara buga wasa a kansa a watan Maris na 2024, maza suka biyo baya ranar 6 ga Afrilu, suka doke Macarthur da ci 4 da 2.

Bari in kwatanta maka wurin yadda yake. Rumfar 'yan kallo ta gaskiya ɗaya ce, ƙarama, sauran kuwa benci ne na ƙarfe a fili. Gidaje ba su riga sun iso wurin ba, don haka idan ka ɗaga kai ba abin da kake gani sai ciyawa har iyakar ido, da layin dogo inda jirgin Geelong ke wucewa ana tsakiyar wasa. Iskar wannan yanki ba ta da abin da zai tare ta, tana iya karkatar da bugun kusurwa. Amma tsakaninka da layin fili 'yan taku ne. Kana jin ƙarar takalmi a kan ƙwallo, kana jin gola yana yi wa 'yan bayansa tsawa, kana jin abin da koci ke faɗa wa alƙalin wasa na gefe. Idan aka yi wa ɗan wasa ƙeta, kana ganin ciwon a fuskarsa. 'Yata, wadda a babban fili wayata take karɓa ta yi ta latse-latse har a tashi, a nan tana tsaye ne a jikin shinge tun daga busa har busa, kuma idan an tashi 'yan wasa suna zagayowa su sa wa yara hannu a riga. Daga gidana zuwa ƙofar fili bai wuce in tayar da mota bayan la'asar in isa kafin a take wasa ba. Idan magariba ta riske mu a can, mu 'yan kaɗan da muka san juna sai mu shimfiɗa darduma a gefen wurin ajiye motoci mu yi salla, mu koma.

Akwai maƙwabcina, dattijo ɗan Punjab mai rawani, wanda a duniya ba abin da ya sani sai kurket. Jikansa ne ya matsa masa, kuma da yake wurin kusa ne, sai ya ce bari ya raka shi sau ɗaya. Muka zauna tare, ya yi ta tambayata me ya sa aka hana waccan ƙwallon, na yi ta ƙoƙarin fahimtar da shi dokar satar gida da kwalbar ruwa da makullin mota a kan benci. Kafin kakar ta ƙare sai ga shi da mayafin wuya kore da baƙi, shi ne ma yake ƙwanƙwasa mini ƙofa ranar wasa. Wannan dattijo har abada ba zai haye gadar West Gate don kallon ƙwallon ƙafa ba. Irinsa ne ƙungiyar aka kafa ta don ta jawo, kuma ƙaramin filin ne kaɗai ya iya jawo shi.

A kakar 2024/25, wadda ita ce cikakkiyar kaka ɗaya tilo da suka yi a Tarneit, ƙungiyar ta koma kan matasa 'yan gida saboda kuɗin sayo manya ya ƙare, sai ga shi sun sake ƙarewa a mataki na uku, alhali a kakar da ta gabace ta na 11 suka zo cikin 12. A watan Mayun 2025, sanyi ya fara shigowa, suka karɓi baƙuncin Adelaide United a wasan sili-ɗaya-ƙwale. Noah Botic, matashin ɗan gaba, ya zura uku rigis, aka tashi 3 da 2. Filin bai cika ba, amma wallahi da ƙwallo ta uku ta shiga, bencin da nake tsaye a kai girgiza yake yi. A duk shekarun yawo ban taɓa jin ƙungiyar ta zama tamu kamar wannan ranar ba. Da aka zo wasan kusa da na ƙarshe da City, sai aka mayar da shi AAMI Park, kuma a can aka fitar da su.

Masu sukar ƙaurar suna da hujjoji, kuma ba zan yi kamar ban ji su ba. Na farko, kuɗi. Ƙungiyar ƙwararru mai biyan albashin maza da mata da matasa ba za ta rayu da tikitin mutum 5,000 ba, balle ma ba a cika filin. Babu ɗakunan manyan baƙi da kamfanoni ke saya da tsada, kuma manyan wasannin hamayya da ke kawo kuɗi sai an kai su cikin gari. Na biyu, hanya. Tashar jirgin Tarneit, wadda aka buɗe a 2015, tana da 'yar tazara daga filin, don haka wanda ba shi da mota yana shan wahala, haka ma baƙi daga wasu unguwanni. Na uku, gasar a lokacin zafi ake buga ta, daga Oktoba zuwa Mayu, kuma zama a bencin ƙarfe babu inuwa a watan Janairu ba wasa ba ne. Na huɗu, yawan jama'a a takarda daban, yawan masu sayen tikiti daban. Mutanen unguwar sababbin zuwa ne, da yawansu kurket suke so, da yawa suna aikin ƙarshen mako don biyan bashi.

Suna kuma kawo misalin Chicago Fire ta Amurka, kuma misali ne mai ƙarfi. A 2006 ta bar Soldier Field, mai cin sama da 60,000 a tsakiyar Shikago, ta koma fili mai cin 20,000 a Bridgeview, bayan gari, inda jirgin ƙasa ba ya zuwa. 'Yan kallo suka yi ta raguwa, har a 2019 ta amince ta biya dala miliyan 65.5 don a sake ta daga yarjejeniyar haya, ta koma cikin birni a 2020. Amma a duba bambancin. Magoya bayan Fire a cikin birni suke, aka ɗauke musu ƙungiya aka kai ta nesa. Western United kuwa mutanenta a bayan gari suke tun asali, aka riƙe ta a nesa da su shekara da shekaru. Ciwon ɗaya ne, ƙungiya tana wani wuri, mutanenta suna wani wuri, sai dai maganin Fire komawa birni ne, namu kuwa fitowa daga birni. Game da ƙanƙantar fili kuma, ai Juventus ta rushe Delle Alpi mai cin kusan 69,000 ta gina mai cin kimanin 41,000 a wurin a 2011, ta kawo kujeru daf da layi, kuma ba wanda ya ce ta ci baya.

Yanzu ga abin da ya faru a 2025, kamar yadda kowa ya gani a kafafen labarai. Aka fara jin albashin 'yan wasa yana makara. FIFA ta hana ƙungiyar rajistar sababbin 'yan wasa saboda rikicin kuɗi da wani tsohon ɗan wasanta. A watan Mayu aka sanar cewa wasu masu zuba jari daga Amurka za su sayi kaso mafi tsoka, su kuma gina filin, amma cinikin bai kammalu ba. A watan Agusta aka janye lasisinta, kafin watan ya ƙare Kotun Tarayya ta ba da umarnin rufe kamfanin saboda bashin haraji na miliyoyin dala. A watan Satumba hukumar gasa ta jingine ƙungiyar, ta ce ba za ta buga kakar 2025/26 ba, aka sallami 'yan wasa maza da mata kowa ya nemi inda zai kama. Gasar maza ta koma ƙungiya 12 daga 13.

Duk wanda ya taɓa riƙe ko ƙaramin shago ya san irin wannan bashi ba a wata 16 yake taruwa ba. Ƙungiyar tana tafka asara duk shekara tun tana yawo, tana biyan hayar manyan filaye da ba ta iya cikawa, tana biyan manyan 'yan wasa, tana jiran ribar gidajen da ba a gina ba. Ta iso Tarneit ne da kayan bashin a kanta. Ƙaramin filin bai iya sauke mata kayan ba, wannan gaskiya ne, amma ba shi ya ɗora mata ba. Inda nake ganin laifi shi ne a ba da lasisi kan hoton fili da aka zana a kwamfuta. Da hukumar ta ce sai ta ga ko da fili mai cin 5,000 a ƙasa kafin a fara wasa, ko da hakan zai jinkirta ƙungiyar shekara biyu, da yaran da na ambata sun tashi da rigar kore da baƙi, da yanzu su ne samarin da ke buga ganga a bayan raga suna sayen tikiti da kuɗinsu.

Kuma ba sai an je nesa ba kafin a ga yadda ake yi. A nan yammacin Melbourne, a unguwar Sunshine, akwai Melbourne Knights, ƙungiyar da baƙi 'yan Kuroshiya suka kafa. Su ma ma'aikatan masana'antu ne da magina, kamar yadda mu muke direbobi da nas-nas a yau. Da kuɗinsu da guminsu suka gina filinsu a ƙarshen shekarun 1980, suka ci gasar ƙasa ta wancan zamani a 1995 da 1996, kuma daga nan Mark Viduka ya fito, wanda masu karatu suka sani a Leeds da Middlesbrough da Newcastle. An rushe waccan gasar a 2004, an kafa A-League ba tare da su ba, amma har yau suna nan suna wasa a filinsu, domin akwai ƙasa a ƙarƙashin ƙafarsu da jama'a a kewayensu. Yaran unguwarmu ba su gaza na wancan zamani ba. Tawagar ƙasar ta ga amfanin 'ya'yan baƙi irin su Awer Mabil da Garang Kuol da Thomas Deng, dukkansu 'yan asalin Sudan ta Kudu, kuma duk yamma idan ka zaga filayen makarantun Tarneit da Werribee za ka ga ƙannensu suna murza leda har duhu ya hana.

A Kano na tashi, kuma na san abin da ake nufi da fili a tsakiyar mutanensa. Ranar da Pillars ke wasa a Ƙofar Mata, daga Fagge da Kantin Kwari da cikin birni a ƙafa ake tahowa, mutum ya rufe shago ya zo ya koma, tun daga titi kana jin "Sai Masu Gida". Na kuma san filin Abuja da aka gina don wasannin Afirka na 2003, mai cin mutum 60,000, wanda yawancin ranakun shekara ba kowa a cikinsa. Garuruwanmu ma suna ta faɗaɗa, sababbin unguwanni suna tasowa nesa da tsoffin filaye, cike da yara. Duk ranar da wani gwamna ko attajiri ya fito da zanen katafaren fili a bayan gari, ina roƙon wakilanku su tambaye shi abubuwa uku: da wane kuɗi za a gina shi, wace mota za ta kai talaka can ta dawo da shi, kuma a ina ƙungiyar za ta riƙa wasa kafin a gama. Mu a nan ba mu yi waɗannan tambayoyi da ƙarfi ba a 2018, haka ma 'yan jaridar da suka fi mu sanin harkar.

Abin da nake so ga ƙungiyarmu, idan Allah ya sa ta farfaɗo, ba mai yawa ba ne. Duk wanda zai karɓe ta ya fara daga Ironbark Fields, ya daina yi mana maganar 15,000 sai ranar da muka cika 5,000 muka bar mutane a waje. Ya sa rufi a kan bencin da rana ke duka, ya ƙara rumfa ɗaya idan an cika ta farko, ya nemi a riƙa jigilar mutane da bas daga tasha da manyan unguwanni, ya sa farashin da magidanci zai iya shiga da iyalinsa duka. Ya shiga makarantu da masallatai da wuraren ibadar Sikh da Hindu da coci-coci ya raba wa yara tikiti, domin yaro ba ya zuwa shi kaɗai. Ya raba asusun ƙungiya da na cinikin filaye, ta yadda faɗuwar ɗaya ba za ta ja ɗayan ba. Ƙungiyar mata da ta matasa kuma a fara mayar da su, su ne suka fi arha kuma su ne suka fi kusa da mutanen unguwa.

Ina roƙon ka buga wannan wasiƙa ko da za ka rage tsawonta. Idan akwai Bahaushe a Melbourne ko wani gari na Ostireliya da yake ganin ba haka abin yake ba, ina son in karanta amsarsa a wannan shafi. Na gode, Allah ya ɗaukaka jarida, ya kuma saka muku da alheri.

Wassalam.

Naka mai karatu,
daga Tarneit, yammacin Melbourne, Ostireliya